Toshin Da Ya Jefa Kifina Kwandon Shara

Kafin ku hau ni da faɗa a wurin sharhi, ku dakata ku ji yadda aka yi. Na san wasunku sun gama yanke mini hukunci, musamman baiwar Allahn nan da kullum take rubuta mini da manyan baƙaƙe cewa in ji tsoron Allah, miji yana wuya. Na gani, 'yar uwa, na kuma gode. Ku kuma da kuka shigo yau, sunana Najwa, ina gidan iyayena a Haɗeja. Na yi karatu, na yi bautar ƙasa, na nemi aiki har dugadugan takalmina suka cinye, daga baya na rufa wa kaina asiri na koma sayar da bandar kifi.

Kada ku raina sana'ar. Da zarar ruwa ya fara ja baya, Modu, wani masunci da muke hulɗa da shi, yakan kawo mini tarwaɗa da karfasa daga wajen Baturiya. A bayan gidanmu muke bandawa, in shirya a kwalaye, in sa a mota zuwa Abuja da Legas da Fatakwal. Masu saye a wurina masu gidajen abinci ne da matan ofis, irin mutanen da ba sa yarda da magana sai sun gan ta a rubuce ta imel. Kowannensu da hannunsa ya rubuta adireshinsa a shafina, ya ce in sabon kaya ya sauko in sanar da shi. Ba su da yawa, amma su ne rufin asirina. Duk lokacin da kifi ya kammala sai in rubuta saƙo guda, wani kamfani mai rarraba saƙonni ya kai wa kowa nasa.

Ummata tana kiran abin wasiƙar iska. Ni ce 'yar farinta, don haka tun da aka haife ni ba ta taɓa kama sunana ba. Sunana a bakinta "ke", in kuwa da baƙi, "waccan". Sai dai kunyar a kan suna kawai ta tsaya, ban da shi babu abin da ya shafe ni da ba ta sa hannu a ciki.

A ƙasan kowane saƙo akwai wani ɗan rubutu da ke cewa wanda ba ya son a ci gaba da aiko masa ya danna nan a cire sunansa. Ni ƙofa nake kiransa. Ranar da na yi wa Umma bayaninsa sai ta riƙe haɓa, ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin an gayyato baƙo an nuna masa hanyar fita kafin a ba shi ruwa ba. Na ce dokar kamfanin ce. Ta ce ai da ma ta san ba Bahaushe ne ya kafa shi ba.

Laifina dogon baki. Wata rana muna cin tuwo na ce Anti Zaituna, matar ƙanen Baffa mahaifina, ta bi ta ƙofar nan ta fita. Umma ba ta ƙarasa tuwon ba. Ta wanke hannu, ta yafa mayafinta mai ruwan goro, ta naɗe manyan tarwaɗa a takarda, ta hau adaidaita ta tafi biko. Anti Zaituna ta yi rantsuwa cewa yara ne suka taɓa wayar, ta nemi a mayar da sunanta, har da rakiya bakin titi. Tun daga ranar duk wanda ta ji a bakina ya fita sai Umma ta nemo lambarsa ta kira, ta tambayi me muka yi masa, ta ba shi haƙuri har sai ya dawo. Labari ya bazu a dangi daga Haɗeja har Kirikasamma, cewa shiga imel ɗin Najwa da sauƙi, fita kuwa sai an yi zaman sulhu. A lokacin dariya abin yake ba ni.

Yanzu ga Sunusi. Ɗan aminiyar Umma ne, mutumin Kafin Hausa, yana aiki a wani ofis a Dutse. Fari, dogo, shaddarsa kullum tsaye da sitaci, hularsa zanna, turarensa yana riga shi yin sallama. Fulako kuwa kamar a kansa aka sauke. Ba ya cin komai a gidanmu, ba ya ɗaga ido ya dubi Umma, in Baffa ya gifta sai ya zame daga kujera ya durƙusa har sai inuwarsa ta ɓace. A waya ne kawai bakinsa yake buɗewa. Da asuba, "Barka da tashi gimbiyar kogi," da hoton fure. Da hantsi, ko na karya. Da azahar, ko na yi salla. Da la'asar, wai ya ga wani tsuntsu ya tuna da ni. Ban taɓa ba shi lambata ba, Umma ce ta ba uwarsa. Na kashe ƙarar saƙonninsa tuntuni, sau ɗaya a wuni nake leƙawa in tura masa hoton hannu biyu na godiya.

Ban ce ina so ba, ban ce ba na so ba. Baffa ya ce zaɓi nawa ne. Umma ma ta ce zaɓi nawa ne, tana kallona da idon nan da kuka sani.

Ranar da ya kawo toshi, na zaci atamfa ce ko turare. Sai ga wata 'yar ambulan ɗaure da jan zare. Na buɗe na ga filash, ɗan ƙarfen nan da ake zuba bayanai a ciki, bai fi tsawon yatsa ba. Sunusi ya gyara zama, yana kallon tabarma, ya ce wasu samarin sukan kawo zane ya koɗe, su kawo turare ya ƙare, shi kuwa kasuwa ya kawo mini. Adireshin imel ne na mutane dubbai. Duk ma'aikatan ofishinsu suna ciki, da duk wanda ya taɓa sa hannu a takardar halartar taron bita, da tsofaffin ɗaliban makarantarsu, da 'yan kwamitin duk bikin da ya taɓa yi wa hidima.

Umma ta ɗora filash ɗin a faifai ta zaga da shi maƙwabta. Ba wadda ta gane mene ne, amma kowacce ta sa albarka. Daga baya ta ajiye shi a kabet ɗinta na gilashi, tsakanin kwanukan tangaran da ba a taɓa cin abinci a cikinsu ba.

Wallahi na san bai dace ba. Kafin a zuba sababbin sunaye, kamfanin yakan tambaya ko mutanen nan duk sun amince a aika musu. Na tsaya ina kallon tambayar, Umma tana tsaye a kaina tana fifita, tana cewa in yi sauri kada albarkar ta huce. Kwaɗayi ma ya taya ta, ba zan ɓoye muku ba. Na ce sun amince. Sunusi ya ba da shawarar a riƙa aikawa safe da rana da yamma kamar shan magani, don kada a manta da ni. Na ga abin ya yi yawa, na tsaya a sau ɗaya kullum.

Amsoshi suka fara shigowa. Wani ya tambayi wanda ya ba ni adireshinsa. Wani babban darakta ya tambaya ko sabon salon damfara ne aka ɓullo da shi da kifi. Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mai wannan adireshin mijinta ne, ya rasu bara, kuma ko da yana raye kaza ya fi so. Na yi mata ta'aziyya, na cire shi. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, duk da wannan ƙorafi, kusan ba wanda ya bi ta ƙofar fita. Na ɗauka alamar nasara ce.

Sai ga kiran Hajiya Ummussalma daga Abuja. Ita ce babbar mai saye a wurina, gidan abincinta kaɗai yakan kwashe rabin abin da na banda. Bayan gaisuwa ta tambaya ko na daina sana'a ne, don ta daɗe ba ta ga saƙona ba, har ta sa an kawo mata kifi daga Yawuri. Na roƙe ta ta duba da kyau. Ta yi ta lalube, can ta ce, "Au, ga su nan a sifam, 'yata. Tare da masu cewa na ci gasar mota."

Ga wanda bai sani ba, sifam kwandon shara ne na imel. Akwai wurin da mutum zai danna ya ce wannan saƙon damuna yake, ban nema ba. In mutum ɗaya ya danna, ba komai. In suka yi yawa, sai masu kai saƙon su sa maka alama, su riƙa zubar da wasiƙunka a shara, har waɗanda kake aika wa masu ƙaunarka. Wato baƙin da Sunusi ya kawo mini sun kori 'yan gida.

Washegari kamfanin ya rubuto. Cikin ladabi irin na wanda ya riga ya wasa wuƙa, suka ce ƙararrakin da ake kaiwa a kaina sun wuce kima. In cire duk wanda bai nemi saƙona da kansa ba kafin in sake aika komai, in ba haka ba su rufe ni. A ranar kuma Modu ya sauke mini kifi mafi kyau da na gani a bana. Ɗakin ajiya ya cika har ƙofa, ƙamshin banda ya game gida, ni kuwa ba ni da bakin da zan sanar da kowa. Bandar kifi ba ta jira, in ta daɗe ƙwari ne za su yi biki.

Na samu Umma tana tsintar shinkafa, na ce mata dole in goge sunayen nan. Ta ajiye tiren a hankali.

"Ke, toshin ne za ki goge?"

"Umma, sunayen mutane ne da ba su san ni ba."

"Toshi ne. Wadda ta zubar da toshi ta zubar da mai shi. Da wane ido zan dubi uwarsa?"

Na yi mata bayanin shara da ƙara da rufewa. Ta saurara tsaf, sannan ta kawo nata maganin. In ba ta lambobinsu ta kira su ɗaya bayan ɗaya ta ba su haƙuri. Na ce dubbai ne. Ta ce ai tana da garaɓasar kira. Da na ce ba ni da lambobin, sai ta ce to a aika wa mai kamfanin kwali guda na tarwaɗa, ba ta taɓa ganin wanda ya ci kifinmu ya ci gaba da fushi ba. Da yamma na shiga ɗaki na tarar ta turara mini kwamfuta da turaren wuta, wai baki ne ya kama ta.

Ran Asabar bayan la'asar Sunusi ya zo. Na sa doguwar rigar atamfa mai ganye-ganye, na yafa mayafi ruwan toka, ko hoda ban shafa ba. Umma ta aiko da zoɓo mai sanyi da soyayyen kifi a faranti mai murfi, ta san ba zai taɓa ba, amma ka'ida ce. Muka zauna a falon baƙi, shi a bakin kujera kamar mai jiran a kira shi ofishin shugaban makaranta.

Ya fara da yabon saƙona na ƙarshe. Ya ce rubutuna yana ratsa zuciya, har maimaita karatu ya yi. Na tambayi wane wuri ya fi burge shi. Ya ce duka. Ni ba da wata manufa ba, na ce ya ara mini wayarsa in ga ko shi ma saƙon shara yake faɗa masa. Sai na ga gumi ya tsattsafo a ƙarƙashin zanna. Ya ce cajinsa ya yi ƙasa. Na nuna masa soket a bayan kujerarsa. Ya miƙo wayar da hannu biyu kamar mai miƙa takardar sammaci.

Babu saƙona ko ɗaya a akwatinsa. Na shiga kwandon shara, ga su nan jere, ba wanda aka taɓa buɗewa. Na buɗe na sama. Wayar da kanta ta tona shi, don a saman saƙon an rubuta cewa mai wayar ne da hannunsa ya kai ƙarar wannan mai aikowa.

Na juya masa fuskar wayar. Ya dubi tabarma.

"Najwa, wallahi ba ƙiyayya ba ce," ya ce da ƙyar. "A taro wayar take ta kuka. Kuma ni... ba na cin kifi. Ƙaiƙayi yake sa ni."

"Ba ka ga ƙofar fita a ƙasan saƙon ba?"

"Na gani."

"To?"

"Umma za ta kira ni." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ta yaya zan ce wa surukata na cire sunana daga kasuwar 'yarta? Gara in mutu. Wancan wurin kuwa an ce ba wanda zai sani."

Da a nan ya tsaya da na iya haɗiyewa. Amma mai kunya in ya fara tuba ba ya sanin inda zai tsaya. Ya ce mutanen ofishinsu sun dame shi da ƙorafi, sun gano shi ya ba da adireshinsu. Don ya kare mutuncin gidanmu, sai ya bi su tebur-tebur yana roƙonsu kada su kuskura su danna ƙofar fita, domin uwar yarinyar za ta kira su, ranta kuma zai ɓaci. Ya nuna musu ɗaya wurin da za su danna a rufa wa juna asiri. Har a zauren WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ya sa sanarwa, da hoto da kibiya, don waɗanda ba su iya ba.

Ya ɗago a karo na farko, yana jiran in yaba.

Na ce bari in ƙaro ruwa. Ina ɗaga labule na yi karo da Umma, kunnenta a jikin bango, idonta ya ciko da hawaye. Na ɗauka takaici ne ya kama ta. Ta jawo ni gefe ta raɗa mini, "Kin ga ɗan mutunci? Ya gwammace ya kashe miki kasuwa da ya ɓata mini rai. Irin wannan ba a samunsu yanzu." Ta share ido da gefen zane, ta ƙara da cewa kawunnansa suna nan zuwa gaisuwa mako mai zuwa, ta riga ta ce musu bismilla.

Na shige ɗakina na zauna a bakin gado. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ɗauki wayata don in zo nan in kawo muku ƙararsa kamar yadda na saba, in rubuta muku yadda ya yi gumi ku yi ta dariya. Sai idona ya sauka a kan sunansa, da alamar ƙararrawar da na kashe, da tarin furannin da ban buɗe ba.

Watanni ke nan mutumin nan yana aiko mini da abin da ban nema ba, ƙofa kuma a buɗe take, Baffa da bakinsa ya nuna mini ita. Ban bi ba, saboda Umma za ta kira ni. Sai na riƙa yi masa murmushi ran Asabar, in zo wurinku ran Lahadi in jefa shi a shara, inda na tabbata ba zai sani ba. Ni da shi ashe makarantarmu ɗaya. Kunya ta kama ni, ta gaske, ba irin wadda muke yafawa kamar mayafi ba.

Na buɗe kwamfuta, har lokacin tana ƙamshin turaren Umma. Na zaɓi duk sunayen da suka zo ta filash na goge, na bar 'yan tsirarun da suka nemi kifina da kansu. Na rubuta wa kamfanin gaskiyar abin da ya faru, ban ɗora wa kowa ba. Na ɗauko ƙofar fita daga ƙasan saƙo na dawo da ita sama, inda mai ciwon ido ma zai gani, na rubuta a gefenta cewa wanda ya fita ya fita lafiya, ba mai kiransa. Ban san ko za su yafe mini ba, ban san ko Hajiya Ummussalma za ta dawo daga Yawuri ba. Abin da na sani, aikin bai ƙare a kwamfuta ba.

Na fito tsakar gida. Umma tana bakin murhu tana ba mai aikinmu labarin irin lefen da ake yi a Kafin Hausa. Na wuce ta na shiga ɗakinta, na buɗe kabet, na zaro filash ɗin daga tsakanin tangaran. Na mayar da shi ambulan ɗinsa, na ɗaure jan zaren yadda ya zo, na ɗora a faifai. Da na fito, labarin lefe ya tsaya a tsakiya. Na ji takun silifas ɗinta a bayana, amma ban waiwaya ba.

Sunusi yana nan inda na bar shi, zoɓon ya huce, kifin yana rufe. Tausayinsa ya kama ni, don ba mugu ba ne. Na durƙusa na ajiye faifan a gabansa.

"Malam Sunusi, ga toshinka. Na gode, Allah ya saka da alheri, amma ba zan aure ka ba. Na ga gara in faɗa maka da bakina."

Ya dubi ambulan, ya dube ni. Ban san ko idona ne ba, amma na ga kafaɗunsa sun sauka kamar wanda aka sauke wa buhu. Ya buɗe baki zai yi magana, sai labulen da ke bayana ya motsa.

Shekaruna ashirin da bakwai a gidan nan ina amsa "ke". Muryar da ta fito daga bayan labulen ba ta da ƙarfi, ba faɗa a cikinta, har rawa take kamar mai gwada kalmar da ba ta saba ba.

"Najwa," in ji Umma.